Ƙaramar taraktata ta ƙi tashi bayan an sauya makulli, in bari a yanke wayoyin tsaro?

"Assalamu alaikum. Ina da lambun mangwaro da gwaiba a wajen Daura, ta hanyar Daberam. Shekara uku da suka wuce na sayi wata ƙaramar tarakta ta hannu, irin wadda ake hawa a yanke ciyawa, injinta Briggs & Stratton mai silinda ɗaya. Da ita nake share ciyawa tsakanin itatuwa, da ita kuma nake jan 'yar tirelar taki. Bayan damina ta yi kusan wata huɗu a rumfa ba a taɓa ta ba. Da na zo tayarwa, in na murɗa makulli shiru, wani lokaci a ji ƙas sau ɗaya. Wani yaro bakanike ya haɗa ƙafafun solonoyid da sukudireba ta tashi, amma ina ɗage ƙafa daga birki sai ta mutu. Ya ce makulli ne, ya sayo sabo a kasuwa ya sa. Yanzu kik yana juyawa amma injin ba ya kamawa, fulogi kuma ba wuta. Ya ce a yanke wayoyin kujera da na birki duka a yi mata dairek. In yarda?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa lambu albarka. Kada ka yarda a yanke ko waya ɗaya tukuna. Yadda ka jero labarin ya taimaka ƙwarai, domin ya nuna mini ciwo uku ne a jikin taraktar nan, kuma ba rana ɗaya suka same ta ba. Na farko, makulli ba ya tayar da kik. Na biyu, tana mutuwa in an saki birki. Waɗannan biyun zaman rumfa ne ya fito da su. Na uku, rashin wuta a fulogi, bai bayyana ba sai bayan an sa sabon makulli, kuma shi ya fi damuna, don ina zargin gyaran ne ya haife shi. In zargina ya tabbata, ko an yanke wayoyin tsaro kaf injin nan ba zai tashi ba.

Sana'ata rewaya ce a nan cikin Katsina. Da mota na fara, daga baya janareta da injin ban ruwa suka riƙa zuwa, sai kuma waɗannan ƙananan taraktoci na hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. Abin da na daɗe da lura da shi shi ne, mai gyaran da ya tashi a kan mota yakan ɗauka wayarin tarakta irin na mota ne aka ƙanƙanta. Daga wannan zato ne yawancin ɓarnar take farawa.

Wutar tarakta hanya biyu take bi

A mota, batir ne ke ba kwayil wuta. In ka kashe makulli ka katse wutar, injin ya mutu. Injin Briggs irin naka ba haka aka yi shi ba. Kwayil ɗinsa yana zaune ne a gefen filawil, wannan babban faifan ƙarfe da ke saman injin a ƙarƙashin murfi. A jikin filawil akwai maganaɗisu, duk zagayen da ya gifta gaban kwayil sai kwayil ya samar da wutar fulogi da kansa, ba ruwansa da batir. Tsarin nan ne a injin ban ruwan da masu noman rani ke ja da igiya a bakin Ajiwa ko Jibiya: ba batir a jikinsa, amma yana tashi.

To da me ake kashe shi? Akwai wata siririyar waya guda ɗaya, galibi baƙa, da ta fito daga kwayil. Muddin tana sake ba ta taɓa komai ba, fulogi zai ba da wuta. Da ta taɓa jikin ƙarfen tarakta, wato bodi, wutar ta zurare, injin ya mutu. Ita ce wayar kashewa. Ka riƙe wannan da kyau, Alhaji, domin duk sauran bayanin a kansa yake: ana kashe injin nan ne da jona waya, ba da katse ta ba.

Saboda haka hanya biyu ce a tarakta, kowace da aikinta. Hanyar tayarwa tana ɗauke da wutar batir, bolt 12. Tana tasowa daga kan batir zuwa babbar ƙafar solonoyid, wato abin da ke sakar wa kik babbar wutar batir, daga nan wata ƙaramar waya mai fiyus ta ɗauke ta zuwa makulli. In ka murɗa makulli zuwa ƙarshe, wutar ta fita, ta ratsa suwic ɗin birki, ta ratsa suwic ɗin liban da ke kunna wuƙar yanke ciyawa, sannan ta isa ƙaramar ƙafar solonoyid. Ƙofofi ne a jere, ɗaya ta ƙi buɗewa wuta ba za ta wuce ba. Wannan ne ya sa dole ka taka birki, wuƙa kuma tana kashe, kafin kik ya motsa.

Hanyar kashewa kuwa babu wutar batir a cikinta ko kaɗan. Wayar kashewa ce ta rabu, reshe ɗaya ya tafi makulli, ɗaya ya tafi suwic ɗin kujera ta cikin na birki da na wuƙa. Duk wanda ya jona ta da bodi a cikinsu ya kashe injin. Shi ya sa za ka ga suwic ɗin birki da ƙafa huɗu: biyu na hanyar tayarwa, suna haɗuwa in ka taka, biyu na hanyar kashewa, suna haɗuwa in ka saki. Wanda bai san haka ba in ya ga ƙafa huɗu sai ya jona duka, ya kawo wutar batir inda bai kamata ta je ba.

Kafin a sa hannu, a kashe liban wuƙa, a sa giya a furi, a danna birkin ajiya, a sa dutse a gaban taya da bayanta, a kori yara daga wurin. In za a kwance waya ko a sauya wani abu, a fara cire kan batir na bodi, shi kuma za a mayar a ƙarshe. Haɗa solonoyid da sukudireba da yaron ya yi gwaji ne da mu ma muke yi, amma yana tsallake duk wani tsaro: in tana cikin giya za ta zabura, ga tartsatsi kusa da batir da tiyon fetur. A yi shi sau ɗaya don a gane lafiyar kik, kada ya zama hanyar tayarwa ta kullum.

Sabon makulli da kwayil

Da ciwo na uku, rashin wuta a fulogi, zan fara, don shi ne zai iya cin kuɗi. Makullan waɗannan taraktoci kamanninsu ɗaya, da yawa ƙafa biyar gare su, soket ɗin ma yakan shiga daram. Cikinsu ne ya bambanta. Ka juya bayan tsohon makullin, ka goge ƙurar, za ka ga haruffa a gindin kowace ƙafa. B ta batir ce, S ta solonoyid, M ta wayar kashewa, G ta bodi, sai L ko A ta fitila da sauran kayan wuta. In makulli yana kashe, M da G ne ke haɗe. In yana kan aiki, M ta rabu da kowa, B ta haɗu da L ko A. In ka murɗa ƙarshe, B ta haɗu da S.

Akwai wani makullin da aka yi wa injinan da kwayil ɗinsu ke cin wutar batir, kamar yawancin tsofaffin injinan kamfanin Kohler samfurin K. Shi za ka ga harafin I a jikinsa, ba M. Aikinsa ya aika bolt 12 zuwa kwayil da zarar an murɗa. Makullin mota ma haka yake. In aka sa irin wannan a injin Briggs, wutar batir za ta bi wayar kashewa ta shiga kwayil ɗin da ba a yi shi don ya karɓi wuta ba, cikin ɗan lokaci ya ƙone. Ko makullin mai M ne ma, in jerin ƙafafunsa ya saɓa da na soket ɗinka, haka za ta faru. Na sha kwance murfin injin in tarar da baƙin robar kwayil ya kumbura ya tsage ta gefe, ga warin ƙonannen abu yana tashi, in tambaya a ce ai jiya aka sa sabon makulli.

Ga yadda za a tabbatar, ba sai da zato ba. A kwance murfin saman injin, a zare siririyar wayar nan daga jikin kwayil. A cire fulogi, a mayar masa da hularsa, a kwantar da gindinsa a jikin ƙarfen injin nesa da ramin fulogin, a juya kik. A yi a inuwa, don ranar Daura ba za ta bar ka ka ga tartsatsin ba. In wuta ta dawo, shuɗiya mai ƙara, ka gode wa Allah, kwayil ya tsira, wani abu ne ke jona wayar kashewa da bodi. In ba wuta, a gwada da sabon fulogi. In har yanzu shiru, kwayil ya tafi. Ka sani fa, muddin wayar nan tana cire, in injin ya tashi makulli ba zai kashe shi ba, don haka a wannan gwajin kada a mayar da fulogi a raminsa.

Daga nan sai a auna ita wayar da aka zare, ɓangaren da ya fito daga tarakta. A sa mita a kan bolt, jan tsinke a kan wayar, baƙi a bodi, a murɗa makulli matsayi bayan matsayi. Bai kamata a ga wuta ba a ko'ina. In mita ta nuna 12 a wani matsayi, an kama mai laifi, kuma kada a kuskura a ɗaura sabon kwayil kafin a cire makullin nan, don na biyun ma ƙonewa zai yi. Na taɓa karɓar wata tarakta daga wata gona da aka sauya wa kwayil sau biyu a mako ɗaya, ana ta zagin masu sayar da kaya wai jabu ne, alhali makulli ne ke cinye su. In ba a ga wuta ba, a mayar da mita wurin da take yin ƙara in waya ta haɗu. Makulli a kashe, ta yi ƙara tsakanin wayar da bodi. Makulli a kan aiki, an taka birki, wuƙa a kashe, ta yi shiru. In ta ci gaba da ƙara, a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, na makulli, na kujera, na birki, na wuƙa, har a kai wanda in an zare ƙarar ta tsaya. In an zare duka ba ta tsaya ba, wayar ce ta goge ta taɓa ƙarfe a wani wuri. Taraktar da ta yi wata huɗu a rumfa kusa da buhunan hatsi, ɓera ne farkon wanda nake zargi. Suna son ƙarƙashin murfin injin, su tara tsumma da ganye a tsakanin haƙarƙarin silinda, su gwigwiyi wayar ta zama tsirara ta kwanta a kan ƙarfe.

In ya zama dole a sa sabon kwayil, a lura da rubutun da ke jikinsa, yana nuna fuskar da ke kallon sama. Tazarar da ke tsakaninsa da filawil kuma kamar milimita 0.25 zuwa 0.35 ce. Mu dai kati muke sawa, irin wanda 'yan kasuwa ke rabawa mai lambar waya: a juyo maganaɗisun gaban kwayil, a saka katin a tsakani, a saki notuna maganaɗisu ya jawo kwayil, a ɗaure, a juya filawil katin ya fita. Bakin fulogi kuma milimita 0.76.

Abu ɗaya na ƙarshe a kan makulli. Ka duba ƙasan kafireta, a injina da yawa akwai wani ɗan ƙaramin solonoyid mai waya da ke toshe fetur in an kashe makulli. In ka murɗa makulli zuwa kan aiki ka kasa kunne, za ka ji ya yi ƙas a hankali. Makullin da ba nata ba yana iya hana shi wuta, ka ga ko an gyara fulogi fetur ba zai shiga ba. Fetur ɗin da ya yi wata huɗu a tanki shi ma a zubar, a wanke kofin kafireta.

Me ya sa makulli ya yi shiru tun farko

Kada a jefar da tsohon makullin. Mai yiwuwa lafiyarsa lau. Da yaron ya haɗa solonoyid injin ya tashi, abin da ya tabbatar kawai shi ne kik yana da rai, batir kuma yana da ɗan ƙarfi. Bai nuna makulli ne ba. Da ya sa sabo kik ya fara juyawa, bayani biyu ne: ko dai tsohon ya lalace da gaske, ko kuma garin haɗawa ya ja waya daga S kai tsaye zuwa solonoyid ya tsallake birki da wuƙa. Gwajin mai sauƙi ne. Ka cire hular fulogi, ka ɗage ƙafa daga birki, giya a furi, ka murɗa. In kik ya juya, an riga an tsallake su. Shi kuma tsohon makullin a gwada shi da mita a hannu, bisa haɗuwar ƙafafun da na faɗa a sama. Sau da yawa tsatsa ce kawai a ƙafafun, samfefa ta ishe shi.

Batir za a fara aunawa. Cikakke yana nuna 12.6. In ya sauka wajen 12.0 ya yi rauni sosai. Amma adadin da na fi dogara da shi shi ne wanda mita ke nunawa lokacin da kik ke juyawa: in ya faɗi ƙasa da 10, batir ya gaji ko bai da caji. Zafin bazararmu yana cin batir, balle wanda aka ajiye wata huɗu ba caji. Wannan ƙas ɗin da kake ji sau ɗaya yana nufin wuta ta isa solonoyid ya ja, amma babbar wuta ba ta wuce zuwa kik ba, ko dai batir ba ƙarfi, ko kan batir ya yi farin gari, ko cikin solonoyid ya ci wuta. Shirun gaba ɗaya kuwa yana nufin ko solonoyid ɗin wutar ba ta kai ba. Tunda kana samun wannan yau gobe ka sami wancan, na fi karkata ga datti da sakin jiki a mahaɗai fiye da mutuwar wani abu guda.

Wurin da aka fi mantawa shi ne inda baƙar wayar batir ta ɗaure a bodi. Daga waje za ka ga noti a ɗaure tamau, ka kwance ka tarar da jar tsatsa a ƙarƙashinsa kamar garin barkono. A kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure, a shafa giris a kai. Solonoyid mai ƙaramar ƙafa ɗaya ta jikinsa yake samun bodi, don haka shi ma a kwance a goge mazauninsa. Mai ƙananan ƙafafu biyu, ɗaya ce ke kawo wuta, ɗaya ta tafi bodi, a wasu taraktocin ma ta cikin suwic ɗin tsaro take bi.

Bayan haka sai a bi wutar da fitilar gwaji, ƙofa bayan ƙofa. Mutum ɗaya ya zauna a kujera ya taka birki ya riƙe makulli a ƙarshe, ɗaya ya riƙa taɓawa. Gaban fiyus da bayansa, ƙafar B, ƙafar S, shiga da fitar suwic ɗin birki, shiga da fitar na wuƙa, ƙaramar ƙafar solonoyid. Inda fitila ta kama a shiga ta ƙi kamawa a fita, nan ciwon yake. Na fi son fitila a kan mita a wannan aikin, don mita takan nuna 12 ko da silin waya ɗaya ne ya rage a haɗe, fitila kuwa tana jan wuta, in mahaɗa ta ruɓe za ka ga ta yi ja-ja ba haske. Fiyus in ya ƙone a sa mai lambar da aka tarar, kada a naɗa masa waya.

Sau da yawa suwic ɗin lafiya yake, ƙarfen da ke danna shi ne ba ya kai wa. Ka leƙa ƙarƙashi wani ya taka birki, ka ga ko ɗan maɓallin yana shigewa har ƙarshe. Wata tarakta da aka kawo mini bayan damina, zanzaro ne ya yi gini a kan maɓallin suwic ɗin birki, laka ta bushe ta riƙe shi kamar siminti. Da tsinke na fasa ginin, na hura, na murɗa makulli ta tashi. Ƙurar hunturu ma tana shiga soket, in damina ta zo ta jiƙe ta zama kore a kan tagulla. Masu wanke tarakta da tiyo suna ƙara wa abin gudu.

Mutuwa in an saki birki

Wannan kusan kullum maganar kujera ce. An tsara taraktar ne ta yadda in ba kowa a kujera, injin zai ci gaba da aiki ne kawai in birki yana danne kuma wuƙa tana kashe. Da ka saki birki ta mutu, ma'anarsa taraktar tana ganin ba kowa a kanta, alhali kana zaune. Ka ɗaga kujerar ka duba. Soson kujera yakan mutu ko ya yage har nauyinka ya daina isa ga maɓallin. Suwic ɗin yakan zame daga raminsa ya rataya. Farantin da ke ƙarƙashi yakan lanƙwashe. Ka danna maɓallin da yatsa kana aunawa da mita: a irin tsarin da na bayyana, in ba a danna ba ƙafafun suna haɗe, in an danna su rabu.

Akwai wata dabara da masu ƙerawa suka sa wadda ke rikita masu gyara da yawa. A cikin soket ɗin kujera na taraktoci da dama akwai ɗan siririn ƙarfe da ke jona ƙafafun da kansa da zarar an zare soket ɗin, don kada mutum ya cire tsaron ta hanyar zarewa kawai. Saboda haka in soket ɗin bai shige har ƙarshe ba, ko kunnen da ke riƙe shi ya karye saboda robar ta sha rana, injin zai riƙa mutuwa ko da suwic ɗin sabo ne fil. Na ga inda aka sayi suwic har biyu a banza, ashe soket ne ya ja baya da kamar kaurin farce.

A nan dole in faɗi iyakar abin da zan iya daga nesa. Ban ga taraktarka ba, kuma sunan injin kawai ka ba ni, ba sunan kamfanin da ya ƙera jikinta ba. Briggs injin yake sayar wa kamfanoni da yawa, kowanne da yadda yake jan wayarinsa da launin da yake so. Wasu suna sa rile, wato suwic ɗin da wuta ke kunnawa, ko ɗan akwatin lantarki a tsakani, a irinsu suwic ɗin kujera haɗuwa yake yi in an zauna, akasin wanda na bayyana. Na baya-bayan nan kuma suna da ƙarin suwic da ke kashe injin in an sa ribas wuƙa tana juyawa. Don haka kada a bi launin waya, a bi ta da hannu daga farkonta zuwa ƙarshenta, a kuma auna. In ka ga akwati mai wayoyi da yawa a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, a nemo zanen wayarin wannan samfurin kafin a ci gaba.

Maganar dairek

Na san dalilin da ya sa ake yi. Kayan ba sa samuwa a kusa, ciyawa ba ta jira, yankewa kuma minti biyar ne. Amma ka dubi inda kake aiki da ita. Lambu ne mai rassan mangwaro da suka sunkuyo, ga kwalbatin ban ruwa, ga tushen itace. In reshe ya ture mutum daga kujera, ko taya ta faɗa rami ya zame, suwic ɗin kujera ne kaɗai zai tsayar da wuƙar da ke juyawa a ƙarƙashinsa. Na birki da na wuƙa kuma su ne ke hana yaro ya hau ya murɗa makulli ta zabura da shi. Kuma ba kai kaɗai ke hawanta ba, na tabbata akwai yaran gida ko ma'aikata.

Akwai wata da na taɓa gyarawa, wadda aka kawo bayan ta ji wa wani ma'aikacin gona rauni a ƙafa. Ya sauka ne ya janye wata igiya da ke gabansa, bai kashe wuƙa ba don ya saba injin ba ya mutuwa, santsin ɗanyar ciyawa ya kwashe shi. Da na ɗaga kujerar na tarar an yanke wayar an naɗe da baƙin salatif, suwic ɗin kuma yana nan a wurinsa, na gwada shi lafiyarsa lau. Soket ne kawai ya karye aka ƙi nema. Tun daga ranar ba na yi wa kowa wannan aikin, ko nawa zai biya. Garin neman gira ne a rasa ido.

Tsallake suwic na minti ɗaya don a gane ko shi ne ya lalace, wannan gwaji ne, muna yi, tarakta a tsaye, wuƙa a kashe, mu cire kafin ta bar wurin. In an rasa ainihin nata, ana iya ɗaura wani suwic mai maɓalli da ke aiki iri ɗaya, a yi masa mazauni mai ƙarfi, a gwada. Wannan gyara ne, na yarda da shi.

Shi yaron kada ka kore shi. Ka nuna masa wannan bayanin ku bi tare, don wanda ya iya gane solonoyid zai iya riƙe mita. Ku fara da cire sabon makullin, ku gwada kwayil, ku gwada tsohon makulli, ku yi wa batir caji ku goge mahaɗai, sannan kujera. In za a aika sayen kaya nan Katsina ko Kofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu a gwada haruffa da jerin ƙafafu, a kuma kwafi lambobi uku da aka buga a jikin injin, galibi a kan murfin bawul ko murfin sama, inda aka rubuta Model da Type da Code. Da su ake samo kwayil ɗin da ya dace, lambobi biyun farko na Code kuma su ne shekarar da aka ƙera injin.

In ta tashi, kafin a shiga lambu da ita, a auna batir injin yana gudu, ya kamata ya haura 13, alamar tana caji. Sannan ka zauna a fili, giya a furi, ka saki birki ka ɗan miƙe daga kujera, ta mutu. Ka sake tayarwa, ka kunna wuƙa ka ɗan miƙe, ta mutu. Ka kashe, ka gwada murɗa makulli ba ka taka birki ba, sannan wuƙa a kunne, duka biyun kik ya ƙi motsi. In ɗaya daga cikin huɗun nan bai yi ba, ka turo mini sunan kamfanin taraktar da hoton bayan makullan biyu da na soket ɗin kujera, mu duba tare.